Hoton jijiyoyin zuciya: Yaya ya ce rinin zai kashe wa Baba ƙoda

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce, ina aure a Birnin Kebbi, iyayena kuma suna wani gari kusa da Argungu. Mahaifinmu shekararsa 67, manomin shinkafa ne, yana fama da ciwon suga da hawan jini fiye da shekara goma. Tun bara yake kukan ƙirjinsa na ɗaurewa idan ya taka zuwa fadama, in ya zauna ya huta sai ya sake shi. Amma cikin watan nan ko masallacin ƙofar gida ya nufa sai ya tsaya a hanya, kuma sau biyu abin ya tashe shi cikin dare yana zufa. Na kawo shi asibiti, likitan zuciya ya duba shi, ya ƙara masa magunguna, ya ce lallai a kai shi Abuja a yi masa hoton jijiyoyin zuciya, irin wanda ake zura siririn bututu a zuba ruwan rini. Sai dai ya ce ƙodarsa ta yi rauni, kuma rinin yana iya taɓa ta. A takardar gwajin an rubuta kiriyatinin 168, eGFR 38.

Tunda Yaya, babban wanmu, ya ji haka ya ce ba da shi ba. Wai akwai maƙwabcinsa da aka yi wa irin wannan hoton, daga nan ya shiga wankin ƙoda har ya rasu, gonarsa ta tafi a kuɗin wanki. Ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, a bari a yanke shinkafar rani tukuna. Inna kuka kawai take yi, ta koma dafa masa sassaƙe. Baba kuma ya ce mu daina wahalar da kanmu, kwana in ya ƙare ya ƙare. Har yanzu yana azumin Litinin da Alhamis cikin wannan zafin, yana kuma shan haɗin ƙwayoyin ciwon jiki na kemis saboda gwiwa. Ni ce na nace a tafi, amma in dare ya yi sai tsoro ya kama ni. Idan ƙodar ta tsaya ni za a nuna da yatsa, ni ma kuma ba zan yafe wa kaina ba. Don Allah ka ba ni shawara.

Wata 'yar'uwa daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kika yi masa. Na karanta wasiƙarki na ga yadda kika ɗauki nauyin gida gaba ɗaya kika aza wa kanki, har barci ya gagare ki. Tsoron naki yana da tushe, na Yaya ma yana da tushe. Amma tunda shawara kika nema, ga ra'ayina a fili: a bisa abin da kika bayyana, a kai Baba, kuma kada a jira yankan shinkafa. Abin da za a tsaya a kansa shi ne shirin da za a yi wa ƙodarsa kafin ranar, kuma wani babban kaso na wannan shiri a hannunku yake tun daga gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙar shi ne yadda ciwon ya canja. Bara sai ya yi tafiya mai nisa ƙirjin ke ɗaurewa, hutu kuma ya warware shi. Wannan alama ce ta jijiyar da ke shayar da zuciya ta ƙuntata, jini yana wucewa daidai buƙatar mai zaune, ba ya isar mai tafiya. Da a nan abin ya tsaya, da na ce akwai sararin a tsaya kan magunguna a ga yadda za ta kasance. Wani babban bincike da aka buga a 2020, wanda ya bi mutum fiye da 5,000 masu irin wannan ciwo da bai canja ba, ya nuna cewa gaggauta hoto da buɗe jijiya bai rage mutuwa ko bugun zuciya ba idan aka gwada da shan magani yadda ya kamata, ko da yake ya fi rage ciwon ƙirjin. To amma na Baba ya wuce wannan matakin. Ciwon da ya koma kama mutum a 'yar tafiya kaɗan, har yana tashinsa daga barci da zufa, shi likitoci suka fi tsoro, domin sau da yawa yana nuna kitsen da ya taru a bangon jijiya ya tsage, jini yana daskarewa a kansa, hanya tana neman rufewa gaba ɗaya. Ga ciwon suga kuma, wanda yakan dusashe zafin ciwon zuciya, har abin da mai shi yake ji ya kasa abin da ke faruwa a ciki. Wannan ne ya sa likitansa ya ce lallai.

Akwai kuma abin da Yaya bai sa a lissafi ba. Ƙoda da jinin da zuciya ke turo mata take rayuwa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk jinin da zuciya ta buga wajen ƙoda yake zuwa. Idan bugun zuciya ya faɗa wa Baba a gida, jininsa ya sauka, ƙodar da ake gudun rini ya taɓa ita ce za ta fara shan wuya, kuma a ranar sai an yi hoton cikin gaggawa, ba ƙarin ruwa, ba shiri. Wanda ya ƙi hoton don ya tsare ƙoda yana iya rasa duka biyun.

Yanzu rinin. Jijiyar jini ba ta fitowa a hoton na'ura sai an cika ta da wani ruwa mai sinadarin aidin. Likita yakan kashe zafi a wuyan hannu, ko a matsematsi, ya zura bututu siriri har bakin jijiyoyin zuciya, ya riƙa fesa ruwan kaɗan-kaɗan yana kallon allo, mara lafiya kuwa idonsa biyu. Tun 1958 ake wannan aiki a duniya, ba sabon gwaji ba ne. Bayan an gama, ƙoda ce babbar hanyar fitar rinin, ta cikin fitsari. Yayin da yake ratsa ta, yana matse ƙananan jijiyoyinta na ɗan lokaci har iska ta yi wa sashen cikinta ƙaranci, yana kuma iya ƙona ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin 'yan bututun da ke tace fitsari, musamman idan ya yi kauri ya daɗe a ciki. Baba zai fahimci wannan fiye da mu: taki na zamani idan aka zuba shi gindin shuka ƙasa a bushe ƙona ta yake yi, idan kuwa ruwa na gudana sai ya narke ya bi. Rini kaɗan a jikin da ke da isasshen ruwa, shi ne tushen duk rigakafin.

Lambar eGFR da ke takardar tana ƙiyasta ƙarfin tacewar ƙoda. Ta lafiyayyen matashi takan kai 90 ko fiye. Daga 30 zuwa 44 rauni ne matsakaici mai neman tsanani, nan Baba yake da 38 ɗinsa. Inda haɗarin rini ya fi ƙamari shi ne ƙasa da 30. A Amurka an taɓa duba bayanan mutum kusan miliyan ɗaya da aka buɗe wa jijiyar zuciya, aka buga sakamakon a 2014: kimanin 7 cikin 100 ƙodarsu ta girgiza, waɗanda suka kai ga wanki kuwa 3 ne cikin 1,000. Ba zan ɓoye miki ba, rabon Baba ya fi na wannan jimillar, saboda raunin ƙoda da suga da shekaru sun haɗu masa. Amma ko a irinsa, abin da aka fi gani shi ne kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau cikin kwana biyu zuwa uku, ya kai ƙololuwa wajen kwana uku zuwa biyar, sannan ya sauko cikin mako ɗaya ko biyu. Da yawa ma ba ya motsawa. Wankin ƙoda na har abada saboda hoto ɗaya da aka shirya masa abu ne da ba kasafai ake gani ba.

Maƙwabcin Yaya, Allah ya jiƙansa. Rasuwarsa gaskiya ce, kuma ganin mutum yana sayar da gona don wanki sau biyu ko uku a mako abu ne da ba ya fita a zuciya. Amma labarin da ake ji a bakin masallaci ba ya zuwa da takardar gwaji. Mutum yakan isa asibiti ƙodarsa ta riga ta kai gargara bai sani ba, domin ciwon ƙoda ba ya kuka sai ya yi nisa. Wani kuma cikin bugun zuciya aka kai shi, jini a ƙasa, ƙodar ta riga ta galabaita kafin digo ɗaya na rini ya shige shi. Dangi kuwa abin da suka gani shi ne an yi hoto, bayan kwana uku an ce wanki. Baba ya fi shi sa'a ta fuska guda: an gano raunin kafin a fara, kuma likitansa da kansa ya faɗa. Likitan da ya duba ƙoda kafin ya tura mara lafiya, ya kuma gaya wa iyalinsa gaskiya, wannan abin riƙewa ne.

To sai aikin gida, kuma yau za a fara shi. Haɗin ƙwayoyin nan na kemis a daina shi. Ki karɓi ƙullin ledar ki juye a tafin hannu, za ki ga ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba kwali, kuma da wuya a rasa diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam a ciki, wani lokacin biyu a haɗe. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda, wato abin da rinin zai zo ya yi sun riga sun fara shi. Ba mamaki ma suna da hannu a 38 ɗin nan. Ga mai ciwon zuciya kuma suna ƙara haɗari, suna tayar da hawan jini. Gwiwar a lallaɓa ta da farasitamol da gashin ruwan ɗumi har a ga likita. Allurar kemis ma a dakata, musamman jentamaisin da ake yawan yi wa mutane in zazzaɓi ya ƙi sauka, ita ma mai cutar ƙoda ce. Amma ki lura da kyau: ƙaramin asfirin mai lamba 75 da likitan zuciya ya rubuta ba ya cikin waɗanda za a bari. Shi da sauran magungunan tsinka jini da na rage kitse su ne ke riƙe da jijiyar a buɗe yanzu, kada a tsallake ko kwana ɗaya.

Sassaƙen Inna ma a sauke tukunyarsa. Ba raina maganin gargajiya nake yi ba, amma ba wanda zai iya auna ƙarfin abin da ke cikin kofi guda, an kuma sha kwantar da mutane a asibitocinmu ƙoda ta tsaya bayan jiƙe-jiƙe, balle waɗanda ake sa wa kanwa. Inna ba ta da abin da za ta yi wa mijinta ban da wannan tukunyar, shi ya sa ta riƙe ta. Idan kika karɓe ba ki ba ta madadi ba, za ta koma dafawa a ɓoye. Ki damƙa mata aikin da ya fi shi: ita ce mai kula da ruwan shansa da lokutan maganinsa, ita ce za ta rage gishiri da dunƙule a miya, ita ce kuma za ta lura da yawan fitsarinsa da kumburin ƙafa. Ki gaya mata likita ya ce wannan aikin ba mai iya shi sai ita, domin gaskiya ne.

Azumin Litinin da Alhamis kuwa, a wannan bazarar da zafin Kabi yake wuce digiri 40, dattijo mai suga da raunin ƙoda ya wuni ba ruwa, ƙodar ce ke biya. Ki roƙe shi ya ajiye har a gama aikin nan ya warware. Allah da kansa ya yi wa majinyaci rangwame a azumin farilla cikin Suratul Baƙara, balle na nafila. In maganar ta yi miki nauyi, limaminsu ko wani malamin da yake girmamawa ya faɗa masa, zai fi karɓa daga bakinsa. Bayan an yi haka na 'yan kwanaki, a sake gwajin ƙoda dab da tafiya. Gwaji ɗaya da aka ɗauka cikin zafi, ga ƙwayoyi ga azumi, yakan nuna ƙoda ta fi yadda take lalacewa. A haɗa da awon yawan jini, da na sinadarin fotasiyam, da na fitsari, domin ƙarancin jini shi ma yana ƙara haɗarin. Duk ana yin su a asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi ko a Asibitin Sir Yahaya. Idan za a samu likitan ƙoda ya duba takardun kafin tafiya, a nan ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya yi kyau, amma kada neman ganinsa ya jawo jinkirin makonni.

Game da maganin suga, in metfomin yake sha, a sanar da masu hoton tun farko. Shi ba ya cutar da ƙoda, amma ta ƙoda yake fita, idan ta yi sanyi bayan rini sai ya taru ya sa jini ya yi tsami, abin da ke da haɗari. Don haka akan dakatar da shi ranar hoton, ba a komawa sai bayan awa 48, an sake gwaji an ga ƙoda lafiya. A matakin Baba ma yawanci akan rage yawansa zuwa rabi. Magungunan hawan jini irin su lisinofiril da losatan, da maganin sa fitsari, wasu likitoci kan dakatar da su ranar aikin, wasu kan bari, gwargwadon ƙarfin zuciya. Wannan hukuncin likita ne, kada ku yanke shi a gida. Ki zuba duk abin da yake sha cikin leda ɗaya, da kwalayensu, a ajiye gaban likita.

Akwai wurin da mutanenmu ke yin asara ba su sani ba, wato hanya. Daga Birnin Kebbi zuwa Abuja wuni guda ne a mota. Dattijo mai kunya ba zai so ya riƙa tsayar da direba don fitsari ba, sai ya ƙi shan ruwa tun asuba. Ya isa da dare a gajiye, leɓe a bushe, a ce masa gobe kada ya ci komai, shi kuma ya ɗauka har da ruwa. Da safe a zuba rini cikin jikin da ya kwana biyu da ƙishi. Don Allah kada ku yi haka. Ku isa aƙalla kwana biyu kafin ranar. In da hali a ɗauki shatar mota ko a hau jirgi, in kuwa ta haya ce a yi wa direba bayani tun a tasha. Ya riƙa kurɓar ruwa a hanya, ma'auninku kuma launin fitsari, ya zama fari-fari, kada ya yi ja kamar shayi. Ku tambayi asibitin ƙarfe nawa zai daina shan ruwa, domin a wurare da yawa abinci ake hanawa na wasu awanni, ruwa zalla kuwa akan bari har kusan awa biyu kafin aiki. Ku tambaya kuma yadda za a yi da maganin suga a safiyar, kada suga ya faɗi yana jiran layi.

A asibitin, babbar kariya ita ce ƙarin ruwa ta jijiya, ruwan gishirin nan na leda da kowa ya sani. Yadda aka saba, mililita ɗaya ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace awa, awa 12 kafin aiki da awa 12 ko fiye bayansa. Mai kilo 60 ke nan za a ƙara masa mililita 60 a awa, digo-digo, wanda ke nufin a kwantar da shi tun daren. In lokaci ya ƙure akwai gajeren tsari da ake farawa awa ɗaya kafin aiki. Sai dai idan hoton eko, wato hoton da ke nuna ƙarfin bugawar zuciya ba tare da rini ba, ya nuna zuciyarsa ta yi rauni, akan rage ruwan zuwa rabi, domin yawansa yana iya taruwa a huhu. Wannan ya sa ba na so ku ɗura masa galan-galan na ruwa a gida da sunan wanke ƙoda. Ya sha daidai ƙishi da ɗan ƙari, in ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi nauyi a koma wa likita.

Sai ki rubuta 'yan tambayoyi a takarda, ki kuma bar Yaya ya yi su da bakinsa. Wane irin rini za a yi amfani da shi? Na zamani, irin su ayodiksanol da ayoheksol, sun fi na da sauƙi ga ƙoda nesa ba kusa ba. Nawa ake sa ran zubawa? Likitoci da yawa suna ƙoƙarin kada yawan rinin ya wuce ninki uku na lambar eGFR, ga Baba ke nan wajen mililita 110, kuma mai hannu yana iya gama hoton dubawa da ƙasa da rabin haka, musamman in ya bar hoton cikin zuciya tunda eko ya riga ya nuna shi. Ta wuyan hannu za a shiga? Nan ya fi ƙarancin zubar jini, ƙoda ma ta fi samun sauƙi. Za a ba shi maganin rage kitse mai ƙarfi kafin aikin? Akwai shaidar yana taimakawa, kuma dama yana buƙatarsa. Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Tambaya mafi nauyi ita ce: in an ga toshewa, a take za a buɗe a sa ɗan bututun waya, ko sai wata rana? Buɗewa tana cin rini fiye da dubawa. Idan jijiyar tana dab da rufewa, a take ya kamata. Idan kuwa akwai sarari, raba aikin biyu da tazarar kwanaki har ƙoda ta huce ya fi mata sauƙi. Na san kuɗin masauki da na abinci a Abuja yana sa iyali su ce a yi duka yau a huta. Ku yi wannan lissafin tun a gida, kuɗin 'yan kwanaki a masauki ba ya kama ƙafar kuɗin wanki na wata guda. Ku nemi a rubuta muku farashin dubawa daban, na buɗewa daban, kada a tsaya ciniki Baba yana kan gado. In kuma aka ce jijiyoyi da yawa ne, tiyata ta fi dacewa, to a zauna a yi shawara a natse.

Kada ku ɓata kuɗi kan abin da ba ya aiki. An daɗe ana ba da wani magani mai suna asitilsistin, da ruwan bakabonet, da sunan kare ƙoda. Binciken da aka buga a 2018 kan mutum fiye da 5,000 masu raunin ƙoda ya nuna maganin bai ƙara komai ba, ruwan kuma bai fi ruwan gishiri ba. Haka nan wankin ƙoda nan take bayan hoto don a cire rinin ba ya hana lahani. In wani ya ce hoton siti, wanda ake kwantar da mutum a shigar da shi cikin na'ura, ya fi sauƙi tunda ba a zura bututu, ki sani shi ma da rinin aidin ake yin sa, kuma in ya nuna toshewa sai an koma an yi wancan, rini biyu ke nan.

Bayan aiki kada ku kama hanya washegari don Baba ya ce garau yake ji. Mafi yawan waɗanda rini ya taɓa wa ƙoda fitsarinsu ba ya raguwa, jikinsu ba ya nuna komai, jini ne kaɗai ke faɗa. A yi gwajin kiriyatinin bayan awa 48 zuwa 72. Idan ya tashi daga 168 ya doshi 200 ko ya wuce, likita ya sani a ranar, a ci gaba da bibiya har ya sauka. Ko lafiya aka gani, a maimaita a Birnin Kebbi bayan mako ɗaya ko biyu. Raguwar fitsari, kumburin fuska ko ƙafa, haki, amai, shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, ko ruɗewa, duk na komawa asibiti ne ba jira. Ki riƙe takardar sallama da ke nuna yawan rinin da aka zuba, kuma duk inda aka sake cewa hoto mai rini nan gaba a nuna ta.

Yaya kuwa, kada ki ja da shi a gaban jama'a. Shi babba ne, ya san in abu ya lalace shi za a tambaya, shi zai sayar da abin sayarwa, kuma ya ga wanki da idonsa. Ƙin nasa ƙauna ce da tsoro. Ki same shi ku biyu, ki fara da cewa ya yi gaskiya rinin yana da haɗari, sannan ki nuna masa abin da za a yi a rage shi. Ki roƙe shi ya raka ku wajen likitan zuciyar ya ji da kunnensa, ya tambaye shi kai tsaye: in muka jira wata biyu, me kake tsoro? In har ya yarda, shi ya jagoranci tafiyar, ke ki riƙe takardu. In ya cije, ki sa baffanku ko kawunku a ciki.

Amma ƙanwata, jikin na Baba ne, hankalinsa kuma garau yake, don haka maganar ƙarshe tasa ce. Ba taki ba ce, shi ya sa nake so ki sauke wannan laifin da kike ɗora wa kanki tun abu bai faru ba. Dattijon da ya ce a daina wahala, sau da yawa ba rayuwa ce ta ishe shi ba, gudu yake kada a sayar da gona ko shanu saboda shi, ko kuma yana jin rigimar 'ya'yansa yana so ta mutu. Ki zauna da shi bayan la'asar ba kowa, ki tambaye shi me ya fi damunsa, ki yi shiru ki saurara. Ki gaya masa gaskiya duka biyu, haɗarin zuwa da haɗarin zama, ki faɗa masa yadda za a haɗa kuɗin in kun riga kun tsara. Neman magani ba ya rushe tawakkali, Baba ya fi mu sanin haka.

Idan bayan ya ji komai ya ce a'a, a girmama shi, amma kada a watsar da sauran. A koma wa likitan zuciya a gaya masa, ya ƙarfafa magungunan iyakar yadda jiki zai ɗauka, ya ba da ɗan maganin da ake sawa ƙarƙashin harshe in ciwo ya taso, ya sa ranar dawowa kusa-kusa. Duk abin da na faɗa kan ƙwayoyin kemis da sassaƙe da ƙishi yana nan daram ko an yi hoto ko ba a yi ba. Fadama kuma a bar wa yara bana, kuma zai fi kyau ya dawo wajenki Birnin Kebbi na ɗan lokaci, kusa da asibiti.

Ko an yanke tafiya ko ba a yanke ba, kowa a gidan ya san wannan: in ƙirjin ya kama shi yana zaune ya wuce minti 15 bai saki ba, ko ya zo da zufa mai sanyi, amai, haki ko jiri, ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi, a sa shi a mota zuwa asibiti a lokacin, ko ƙarfe nawa ne, kada a jira gari ya waye. Ki tanadi lambar direban da zai tashi cikin dare, takardun Baba da magungunansa kuma su zauna a jaka ɗaya inda Inna ta sani. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya haɗa kanku. Ki rubuto mini sakamakon gwaji na biyu in ya fito.